Gadar da aka ce za ta yi shekara 100, me ke kashe ta tana da 40?

Ɗalibin Gini:

Assalamu alaikum injiniyoyi. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. A aji ana koya mana cewa ana zana gada ne don ta yi shekara 75 zuwa 100, kuma ana ba ta ƙarfi fiye da nauyin da za ta ɗauka. Amma ga gadar Morandi ta Italiya, an buɗe ta 1967, ta rufta 2018. Ta Minneapolis a Amurka ma kusan shekara 40 ta yi kafin ta rufta. Shin lissafin ne bai kai ba, ko lodi ne ya wuce kima? Sannan in aka damƙa wa mutum gadar kankare mai ginshiƙai a cikin kogi, kuɗin gyara kuma ba yawa, daga ina zai fara? Ni dai a tunanina daga tsagar da ake gani a jiki ne.

Mai Awon Kogi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar tsaga tukuna, ka sauka ƙarƙashin gada. Gadar da ke kan ruwa, babban abokin gabarta shi ne zaizayar gindin ginshiƙi.

Ruwa in ya daki ginshiƙi ba kewaye shi kawai yake yi ba. Wani sashe yana nutsawa ƙasa ya murɗa kamar guguwa, ya riƙa ƙwaƙule yashin da ke gaban tushe. Zurfin ramin yana bin faɗin ginshiƙi, yakan kai ninki biyu da ɗoriya. Ginshiƙi mai faɗin mita 2 ke nan zai iya samun rami na mita 4 ko fiye. In itatuwa da tarkace suka maƙale a jikinsa, a wurin ruwa ginshiƙin ya ƙara faɗi, sai ramin ya ƙara zurfi.

Inda abin ke yaudara shi ne, ambaliya na janyewa sai yashi maras ƙarfi ya cike ramin. Mai dubawa ya zo da rani, ya ga ƙasa a shafe, ya rubuta lafiya lau. Shi ya sa ido bai isa ba. A soka sandar ƙarfe a ji inda ƙasa mai tauri ta fara. A auna zurfin kogi daga wurare tabbatattu a bakin gada, duk shekara da kuma bayan kowace babbar ambaliya, a kwatanta da zanen tushe. In ruwan mai zurfi ne sai na'urar auna zurfi ta hanyar amsa-kuwwa ko masu nutso.

Gadar Schoharie ta jihar New York haka ta tafi a Afrilun 1987, da rayuka 10. Tushenta shimfiɗe yake, ba turakun da ake kafawa can cikin ƙasa, duwatsun da aka jibga don kare shi kuma ruwa ya kwashe ba a mayar ba. A Fotugal kuwa, a 2001, gadar da ke kan kogin Douro ta rufta da mutum 59, kuma haƙar yashi a kogin na cikin abin da ya sauke ƙasan da ginshiƙi ke kai.

Jibgin dutse ma ba zubawa kawai ake yi ba. A fara shimfiɗa matacin yadi ko tsakuwa, in ba haka ba yashi zai zurare ta tsakanin duwatsun su nutse. Kaurin jibgin ya kai ninki uku na matsakaicin dutse, ya fita daga jikin ginshiƙi ninki biyu na faɗinsa ta kowane gefe, samansa ya yi daidai da ƙasan kogi. Girman dutsen gudun ruwa ne ke yanke shi: gudu ya ninka biyu, nauyin dutsen da ake bukata ya ninka kusan 64.

Tsohon Magini:

Malam Mai Awo ya faɗi na ƙasa, bari in faɗi na sama, shi ma ruwa ne.

Gada tana numfashi. Tsawon mita 100, in zafi ya sauya da digiri 30, takan miƙe ko ta tsuke da kusan milimita 35. Don haka ake barin gaɓa, wato 'yar tazara mai rufin roba, a ƙarshen bim (dogon sashen da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗauke da titi), a ɗora bim ɗin kan matashi na roba mai faifan ƙarfe a ciki. Waɗannan biyun ba a yi su don su kai shekarun gada ba, kayan canji ne kamar tayar mota. Shekara 100 da ake faɗa an ƙiyasta ta ne bisa sharaɗin za a riƙa canza su.

Ga yadda cutar ke tafiya. Ƙasa da tsakuwa su cika gaɓa, robar gaɓar ta yage, ruwa ya riƙa zuba kan bakin bim da kan ginshiƙi, wato daidai wurin da duk nauyi ke sauka. Matashi ya daskare, gada ta nemi miƙewa ta rasa hanya, sai ta tura bangon ƙarshe ko ta fasa kan ginshiƙi.

Rodi a cikin kankare mai kyau ba ya tsatsa, domin ruwan siminti yana da kaifi irin na kanwa, yana yi masa rufi. Abu biyu ke karya wannan kariya: iskar kabon da ke shiga a hankali, da gishiri, ko na teku ko wanda ake watsa wa titi a ƙasashen ƙanƙara ko wanda ya shigo cikin yashin kwaɓi. Tsatsa kuwa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta cinye, sai ta tunkuɗo kankare daga ciki ya ɓamɓare.

Gwajin ba tsada. Ƙwanƙwasa da guduma: inda ya amsa kamar ganga, ya rabu da rodi ko da fuskarsa sumul take. Fasa ɗan wuri ka fesa ruwan finolftalin, wani sinadarin gwaji mai sauya launi: inda ya koma shunayya yana da rai, inda bai sauya ba kariya ta tafi. Sai a auna kaurin kankaren da ya rufe rodi. Ana son milimita 40 zuwa 50, fiye da haka a bakin teku. Sau da yawa za ka taras da 15 ko 20, saboda ranar zuba kankare ba a sa 'yan tsakuwar tazara ba, ma'aikata kuma suka tattake rodin.

Kuma don Allah a daina shafe wuri da siminti a ce an gyara. A sare har bayan rodi da kamar milimita 20, a bi shi har inda tsatsa ta ƙare, a goge shi fes, a yanka gefen facin a tsaye. In an bar kankare mai gishiri a kewaye, tsatsa takan tashi a bakin sabon facin fiye da da. Maganinta a ɗaura 'yan curin tutiya a jikin rodi, su tsatsa za ta ci a madadinsa.

Uwar Lissafi:

Ban musa wa malamaina ba, amma gadoji biyun da Ɗalibin Gini ya ambata ba duka ne ruwa ya ci ba, kada ya tafi da rabin amsa.

Ta Minneapolis kuskuren zane ne. Faifan ƙarfen da ke haɗa sanduna a wasu mahaɗai kaurinsu kusan milimita 13 ne, rabin abin da ya kamata. Ta ɗauki shekara 40 a haka saboda rarar ƙarfin da ka ambata. Sai aka riƙa cin rarar: an ƙara kaurin kankaren sama, an ƙara shinge, ranar 1 ga Agusta 2007 kuma an tara yashi da tsakuwa da injinan aiki daidai saman mahaɗan masu rauni. Mutum 13 suka rasu.

Wannan ƙarin shimfiɗa mutane na raina shi. Kwalta mai kaurin milimita 50 tana da nauyin kilo 120 a kowace murabba'in mita. A kan tsallake mai tsawon mita 30 da faɗin mita 10, tan 36 ke nan, tirela guda da aka faka ba ranar tashi. A kankare tsohuwar kafin a zuba sabuwa.

Lodi fiye da kima kuwa ba kasafai yake karya gada nan take ba, gajiyar da ƙarfe yake yi. A wurin walda, in ƙarfin ja ya ninka biyu, ɓarnar kowace wucewa takan ninka kusan takwas.

Abin da ya haɗa gadojin nan shi ne rashin madadi: sashe ɗaya ya tafi, babu mai karɓar nauyinsa. Gadar Silver a kan kogin Ohio, 1967, tsaga mai zurfin milimita biyu da rabi a sandar rataya guda ta sauke ta, mutum 46. Bayanta ne Amurka ta kafa dokar duba gadoji, galibi duk shekara biyu. Morandi kuma igiyoyinta na ƙarfe an lulluɓe su cikin kankare, tsatsa ta ci su inda ido ba ya kaiwa. An ƙarfafa na hasumiya ɗaya a farkon shekarun 1990, wadda ta faɗi da mutum 43 ba ta samu wannan gyara ba.

Ɗalibin Gini:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To tsagar fa, a ƙyale ta ke nan?

Uwar Lissafi:

A'a, a karanta ta. Siririyar tsaga a tsaye a ƙasan tsakiyar bim, ƙasa da milimita 0.3, a kankare mai rodi ba abin tashin hankali ba ce, da ita aka zana shi. Wadda ke bin tsawon rodi da jan ruwa-ruwa, tsatsa ce. Wadda ta karkata kamar digiri 45 kusa da inda bim ya zauna, ita ce ta hana barci, domin irin wannan karaya ba ta sallama: a rage lodi nan da nan a kira injiniya mai lissafi. A bim mai igiyoyin da aka ja tun farko kuwa, ko wace tsaga a ƙasansa abin bincike ce, don bai kamata ya tsage ba.

Ko wacce ce, a sa alama a bakinta biyu da kwanan wata, a auna faɗinta da sassafe kowane zuwa, saboda zafin rana na buɗe ta da rufe ta. Tsayayyiya a cike ta da danƙon ifoksi. Mai ƙaruwa kuwa cike ta ɓata kuɗi ne sai an gano me ke jan ta, kuma sau da yawa amsar tana wurin Malam Mai Awo: ginshiƙi ne ya fara nutsewa.

Kuɗi kaɗan ɗin nan, ni ga yadda zan kashe shi. Awon gindin ginshiƙai da kwashe tarkace su ne farko. Sai yashe magudanan ruwa da gaɓoɓi, a ƙara wa bututun tsawo ya sauka ƙasa da bim don kada ya riƙa tsiyaya a jikinsa. Sai canza robar gaɓa da matasan da suka mutu, wanda ke bukatar ɗaga bim da jak 'yan milimita kawai, amma duk layin a tare don kada shimfiɗar sama ta tsage. Facin kankare ya biyo baya, bayan an tsayar da ruwan da ya jawo shi. Fentin shinge shi ne na ƙarshe, ko da yake shi aka fi son farawa da shi.