Furen da ke ƙarƙashin itatuwan fayin: zan iya dasa shi a gida?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a jihar Niyu Hamsha ta Amurka, bayan gidanmu akwai kurmin itatuwan fayin (pine) da na ok (oak). Tun ƙarshen Mayu wani fure ya ɓullo a cikin busasshen ganyen da ya zube. Ganye biyu ne kacal a gindinsa, masu faɗi da jijiyoyi, sai kara ɗaya da fure ɗaya tal ruwan hoda, ya kumbura kamar zabira, da tsaga a gaba. Wallahi ya shiga raina. In na haƙo biyu na sa a tukunya, za su rayu?

Ɗalibar Tsirrai:
Wa alaikumus salam, Anti. Don Allah kada ki haƙa. Cypripedium acaule kika gani, dangin furannin da ake kira okid (orchid) ne, kuma shi jiharku ta zaɓa a matsayin furen dajinta a 1991. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, babu guzurin abinci a cikinsu, ba sa tsirowa sai wani nau'in naman gwari na cikin ƙasa ya ciyar da su. Daga nan a yi shekaru kafin furen fari. Ƙasa mai tsami sosai yake so, irin ta gindin fayin, ga shi saiwarsa tana bazuwa ne sama-sama, shebur na shiga ya tsinka ta. Yawancin waɗanda aka dasa mutuwa suke yi, ko da sun yi shekara guda da kyan gani.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin 'ya'yansa. Babu ruwan zaƙi a furen. Babban ƙudan zuma mai gashi yana kutsawa ta tsagar nan, ya rasa komai, dole ya fita ta baya da garin fure manne a jikinsa. Da ya gane sai ya daina zuwa, shi ya sa kaɗan ne ke yin iri.

Kawun Yara:
Hajiya, ki kuma hana yara tsinkarsa. Gashin jikin ganyen yana sa wasu ƙaiƙayi.

Maman Sadik:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Na fasa. To in zuba musu taki a inda suke?

Ɗalibar Tsirrai:
A'a Anti, taki da toka duk za su ɓata ƙasar. Ki bar ganyen fayin ɗin yadda ya zube, kada a share, a kuma kauce wa taka wurin.