Wai jiragen kamun kifi ma suna cikin masu ɗumama duniya?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin muhalli ku warware min wannan, kullum in ana zancen hayaƙin da ke ɗumama duniya sai dai motoci da masana'antu da shanu, yanzu kuma na ji wai kamun kifi a teku ma yana da nashi kason. Ta yaya? Kifi fa ba noma shi aka yi ba, ba taki ba ban ruwa. Kuma titus da shawa ɗin da muke saye a wurin masu ƙanƙara suna ciki?

Injiniya_Kd:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Dizal ne ɗan'uwa. Jirgi ya yi sati da satittika a teku injin bai huta ba, ga jan taru ga firjin da ke daskarar da kifin, kuma duk litar dizal da ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Binciken da Robert Parker da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya nuna a 2011 kaɗai jiragen kamun kifi na duniya sun sha mai wajen lita biliyan 40, hayaƙin ya kai tan miliyan 179, kamar kashi 4 cikin 100 na abin da samar da abinci ke fitarwa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne daga 1990 zuwa 2011 hayaƙin ya ƙaru da kashi 28 alhali kifin da ake kamowa bai wani ƙaru ba. Me ya jawo? An koma farautar jatan lande da ƙaguwa da danginsu saboda su ke da kuɗi, su kuwa sai an ja taru a ƙasan teku awa da awanni ko a yi ta zirga-zirgar ɗana tarko kafin a samu ɗan abin kirki, kusan kashi 6 ne na abin da ake kamawa amma kashi 22 na hayaƙin nasu ne. Ƙananan kifaye irin su sadin da shawa garke-garke suke yawo, a zagaye su da taru a kwashe lokaci guda, shi ya sa man da suke ci kaɗan ne ƙwarai. Titus ma haka yake yawo, don haka naka na cikin masu sauƙi, sai dai ka haɗa da jirgin da ya ɗauko shi daga Turai zuwa Legas da tirelar da ta hauro da shi arewa.

Ɗan Zango Takoradi:
Injiniya Allah ya ƙara basira. Bari in ƙara da abin da muke gani a nan Ghana, kifin ne ya ragu a kusa da gaɓa, masu kwalekwale sai su cika jarkoki da man firimis (fetur ɗin da aka haɗa da baƙin mai don injin kwalekwale) su nausa can ciki, wani ya kwana a ruwa ya dawo da abin da bai cika daro biyu ba, matan da ke jira da darukansu a bakin ruwa su koma gida haka. Mai ya ƙaru kifi ya ragu. Har gwamnati ta fara rufe teku na ɗan lokaci don kifin ya hayayyafa.

Maman Ilham:
Yayyena akwai wanda ba ku taɓo ba. Tarun da ake ja a ƙasan teku yana tone laka, lakar nan kuwa kabon ne jibge a cikinta tun shekaru aru-aru. Enric Sala da tawagarsa sun yi rubutu a kai a 2021, masana dai har yanzu suna jayayya kan yawan abin da ke fitowa. Sannan tallafin mai, wallahi shi ya fi ci min rai, manyan jiragen da ke tahowa daga nesa su yashe ruwan Afirka ta Yamma da yawansu ba za su ci riba ba in ba gwamnatocinsu na sauƙaƙa musu kuɗin mai ba, ƙaramin masunci kuma shi ke kwana a ciki.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Zango, rufe tekun da ake yi kun ga kifin ya fara dawowa kuwa?