Shirye-shiryen ƙananan yara marasa kai da gindi: a bar su su kalla ko a hana?

Abban 'Yan Biyu, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai game da shirye-shiryen talabijin da ake yi wa yaran da ba su kai shekara uku ba, musamman Teletubbies da In the Night Garden, waɗanda 'yan biyuna suka ɗora wa son duniya tun da aka tura wa mahaifiyarsu su a waya. Na zauna na kalla tare da su, amma ban ga kai ba, ban ga gindi ba. A na farkon, wasu halittu huɗu ne masu eriya a ka da allon talabijin a ciki, suna zaune a wani gida da ke cikin tudu, rana kuma tana fitowa da fuskar jariri tana ƙyalƙyala dariya. A na biyun akwai wanda ba shi da aiki sai wanke duwatsu da soso, akwai kuma jirgin ƙasa da yake hawa bishiya. Maganarsu duk gwaranci ce. Yarana shekararsu biyu da rabi, yanzu bakinsu yake buɗewa, kuma na fara jin suna kwaikwayon wannan gwarancin. Shin irin wannan kallo ba zai jinkirta musu magana ko ya rikita musu tunani ba?

Malamar Nazare, Daura

Wa alaikumus salam, Malam. Waɗannan shirye-shirye biyu daga hannu ɗaya suka fito, kuma da gangan aka yi su yadda ka gan su. Gidan BBC ya fara nuna Teletubbies a 1997, waɗanda suka ƙirƙire shi kuwa su ne Anne Wood, wadda tsohuwar malamar makaranta ce, da Andrew Davenport, wanda ya karanci ilimin furuci da magana a jami'a a Landan. Sun yi kashi 365 kafin a dakata a 2001. Shi Davenport ɗin ne ya rubuta In the Night Garden, wanda ya fito a 2007 da kashi 100, kuma an tsara shi ne don lokacin kwanciya, shi ya sa kowane kashi yake ƙarewa da kowa ya tafi barci.

Abin da yake gundurar babba a cikinsu, wato nanata abu ɗaya da tafiyar hawainiya, shi ne abin da yaro ɗan shekara biyu yake nema. Ka lura cewa a Teletubbies, idan aka nuna ɗan gajeren fim na yara na gaske a allon da ke tumbin ɗaya daga halittun, da ya ƙare sai su nemi a sake, a kuma sake shi daga farko har ƙarshe. A karo na biyu yaro ya riga ya san abin da zai biyo baya, kuma wannan sanin yana faranta masa rai ƙwarai. Duk wanda ya taɓa koyar da 'yan nazare ya san yadda suke roƙon a maimaita musu waƙar da suka riga suka haddace.

Ƙorafin gwaranci kuwa, iyayen Ingila ma sun yi shi tun shekarar da shirin ya fito. Amsar da aka ba su ita ce, akwai muryar babban mutum mai ba da labari da cikakkiyar magana, halittun kuma suna maimaitawa da bakin yara. To a nan ne nake ganin damuwarka tana da tushe a wurinmu fiye da wurinsu, domin wannan cikakkiyar maganar da Turanci ake yin ta. Yaron da ke Ƙofar Ƙaura ba ya jin abin da mai labarin yake faɗa, saboda haka gwarancin kaɗai yake kwasa. Shawarata ita ce, kai ko mahaifiyarsu ku zama masu ba da labarin da Hausa: ga zomo ya fito, ja ta faɗi, wa ya ɓoye a bayan tudu? Idan babu mai zama da su, gara a rage kallon.

Kakar Yara, Rafindaɗi

Ɗana, Allah Ya raya maka su. Na yi dariya da na karanta batun rana mai fuskar jariri, domin mu da aka rena da tatsuniya ba mu da bakin cewa wani labari ba shi da kan gado. An ba mu labarin Ta-Kitse, yarinyar da aka yi da kitse, wadda ba ta shiga rana don kada ta narke. An ba mu na Gizo da Ƙoƙi, da na Dodo mai haɗiye mutane da dabbobinsu a fasa cikinsa su fito da rai. Babu ɗayanmu da ya girma yana zaton ana yin mutum da kitse.

Sai dai tatsuniya tana da lokacinta, tana da mai yin ta. Da dare ake yi, bayan an ci tuwo, ba a yarda a yi ta da rana ba. Mai bayarwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, kuma idanunta suna kanmu. In ta ga ƙaramin cikinmu ya tsorata sai ta sassauta Dodon, in ta ga barci ya fara ɗaukarmu sai ta gajarta, ta ce ƙurunƙus kan kusu, kowa ya tashi. Wayar da nake gani a hannun jikokina ba ta duban fuskar yaro, kuma ba ta cewa ƙurunƙus. Ina ganin iyaye mata na yanzu suna miƙa ta don a bar su su yi girki, ban kuma zarge su ba, domin a da gida cike yake da kakanni da gwaggwanni da 'yan reno, yanzu kuwa mace ɗaya ce da yara a gidan haya.

Ma'aikacin Jinya, Sabuwar Unguwa

Hajiya ta taɓo inda matsalar take. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda ta ce kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara ɗaya gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ma ya fi. Allo a nan ya haɗa da waya, ba talabijin kaɗai ba. 'Yan biyun Malam suna cikin rukunin awa ɗaya ke nan.

Amma ina da ɗan ja da Malama a kan ɗaukar abubuwan al'ajabin nan a matsayin marasa illa gaba ɗaya. A 2011 wata mai bincike a Jami'ar Virginia ta Amurka, Angeline Lillard, ta nuna wa yara 'yan shekara huɗu minti tara na katun ɗin SpongeBob, sai aka ga nan take sun gaza takwarorinsu da suka yi zane a gwaje-gwajen natsuwa da haƙuri. Da farko an ɗora laifin a kan saurin sauya hoto. Da ita da abokan aikinta suka faɗaɗa binciken a 2015, sai sakamakon ya fi karkata ga yawan abubuwan da ba za su yiwu a zahiri ba, ko da shirin ba mai sauri ba ne. Tasirin da aka auna na ɗan lokaci ne bayan kallo, kuma yaran sun girmi na Malam, saboda haka ba hujja ba ce ta cewa wani shiri yana lalata ƙwaƙwalwa. Duk da haka ya isa ya sa uba ya lura da halin ɗansa bayan an kashe kallo: yana komawa wasa da ƙasa da gwangwani, ko kuwa yana birgima yana ihu?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne YouTube. Shirin da BBC ta yi, komai baƙuntarsa, mutane ne suka zauna suka tsara shi, aka tace shi. A YouTube kuwa bidiyo yana ƙarewa wani yake farawa da kansa, kuma a 2017 an yi babban ce-ce-ku-ce bayan an gano tarin bidiyoyi da aka yi da fuskokin katun da yara suka sani, alhali cikinsu duka ne da allura da abubuwan da ba su dace ba, har kamfanin ya goge da yawa ya rufe tashoshi. Tunda na gidan Malam tura su aka yi a waya, ya duba memorin da kansa kashi bayan kashi, domin masu turi sukan cika shi da duk abin da ke cikin kwamfutarsu, sannan a kashe data kafin a miƙa wa yaro waya.

Abu Ɗalibai, Ƙofar Marusa

Ni ban gamsu da kwatanta wannan da tatsuniya ba, Hajiya ta gafarce ni. Tatsuniya a kunne take shiga, yaro ya sawwara abin da hankalinsa zai iya ɗauka, shi kuwa hoto yana zuwa ne a kammale, ya zauna a kai. Yaron da ake koya wa cewa Allah ne Ya halicci rana, kullum kuma yana ganin ta da fuskar mutum tana leƙo halittu daga sama tana dariya, ban ga dalilin da zai sa in haɗa masa waɗannan biyun a shekarun da ba ya rarrabe gaskiya da wasa ba. Ban ce haramun ba ne, wannan hukuncin malamai ne. A gidana dai na cire shi, yaran sun yi kukan kwana biyu sun manta, kuma ban ga abin da suka rasa ba.

Malamar Nazare, Daura

Malam Abu Ɗalibai, hanawar da ka yi hakkinka ne, kuma gaskiya ne cewa babu yaron da zai tawaya don bai ga Teletubbies ba. Na kuma karɓi gyaran Malam ma'aikacin jinya. Ga wanda yake son madadi, akwai Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, wanda aka juya zuwa Hausa, yana koyar da ƙirga da haruffa, ko da yake ya fi dacewa da 'yan shekara uku zuwa shida, kuma shi ma dabbobi ne masu magana a wata duniyar mafarki. Akwai kuma shirin yara na Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011. Na 'yan shekara biyu zalla da aka yi da Hausa tun daga tushe, da muryoyin yaranmu da waƙoƙin renonmu, shi ne har yanzu nake nema domin ajina, kuma duk wanda ya ci karo da shi ina roƙon ya sanar da ni a nan.