Musayar Waƙa Kan Mawaƙin Da Ya Faɗa Hannun 'Yan Daba

Hajiya Mai Ɗinki:

Assalamu alaikum. Jiya aka saki kashi na ƙarshe na shirin nan mai dogon zango da muke bi a YouTube. Ga wanda bai kalla ba: yaro ne maraya a birnin Kano, Allah Ya ba shi murya, ba shi da kuɗin shiga situdiyo. Wani ogan daba ya biya masa, shi kuma ya yi wa ogan waƙar kirari. Daga nan aka fara aikensa da ƙullin ƙwaya, har daren da aka soki wani ɗalibi a kan waya yana tsaye a wurin. Shiri ya ƙare yaron yana gidan yarin Kurmawa, Alhajin da ke ba ogan kuɗi kuwa yana gidansa. Mai amsawa ya amsa da baiti.

Bismillahi zan buɗe baki,
Ni uwa ce mai zaman ɗinki,
Na kalli shirin ina ɗaki,
Ya bar ni da tsoro da mamaki,
Don na ga abin da ake shukawa.

An ɗaure yaron bisa gaskiya,
Uwar ta rame saboda wuya,
Amma ku fita ku bi kan hanya,
Waƙar da ya yi wa oga jiya,
Ita yaranmu suke rerawa.

Jikana shekarunsa bakwai,
Izu ɗaya bai riƙe ba sosai,
Kirarin oga kuwa daidai,
Yana yi yana jinjina kawai,
Da muciya a hannu yana sarawa.

Nadamar a kashi ɗaya aka nuna,
Kirarin kullum yana kunnena,
Ku masu shirin ku ji ƙorafina,
Kun zuba zuma a kan ɓarna,
Kuka ce faɗakarwa kuke bayarwa.

Ɗan Kurna:

Inna, ina gaisuwa da ladabi,
Amma ban bi bayanki duka ba.
Kafin a san kyamara a Kano,
Unguwanninmu sun san daba.
Fim ɗin Turmin Danya a 1990 ya fito,
Faɗan unguwa bai jira shi ba.
Gambu ya yi wa ɓarayi waƙa,
Ba a YouTube ya koya ba.
Kassu Zurmi ya wasa 'yan tauri,
Shi ma bai jira darakta ba.
Ni a lungunmu na ga irin yaron,
Ga murya, ga rashin uba.
Ya bi masu kuɗi ya bushe a ƙofa,
Ko sisi ba su miƙo ba.
Wanda ya miƙo shi ne mai gora,
To ina za shi, in ba can ba?
Shirin bai ƙirƙiri ciwon ba, Inna,
Ya buɗe shi ne don ku duba.

Malam Na Zazzau:

Ɗana, in za ka kawo Gambu ka kawo shi duka. Kuma damuwar Hajiya ba tata ce ita kaɗai ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana fina-finan da ke tallata daba a 2024. A watan Mayun 2025 kuma ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda an sake su ba a kai an tace ba.

Ka ambaci Gambu, ɗana, ka manta,
Da bakinsa ya bar waƙar sata,
Tubarsa kowa ya ji labarinta,
Sannan a 2016 ya kwanta dama.

Mai kiɗan da kansa ya ji tsoro,
Ya san abin da kiɗi ke sa yaro,
Ya zari wuƙa ya fita ba horo,
Kirari na kai shi har sama.

Ban ce kar a nuna mugu ba,
Ko a ce Kano ba ta da daba,
Amma waƙar ba sai an cika ta ba,
Baiti ɗaya ya isa alama.

An sa mata kiɗa mai ratsa jiki,
Aka yanko ta daban don a yi biki,
A TikTok take ta yin aiki,
Can babu kurkuku, babu nadama.

Mai Situdiyo:

Malam, ni a titin Gidan Zoo nake,
Aikina haɗa kiɗa da ɗaukar waƙa.
Abu ɗaya shirin ya kauce a kai,
Shiga ɗaya wai yaro ya ɗaukaka.
Mu nan sai a kwana kan baiti guda,
A goge, a maimaita, a sake ɗauka.
Sauran kuwa gaskiya ce tsantsa,
Na ga masu fita suna kuka.
Kuɗin zama, na mai kiɗa, na 'yan amshi,
Man janareta ma a kansa duka.
In ta fita, masu turawa a waya su ci,
Shi ko sisi bai ga ya shiga jaka.
Abinci biyu ne ga mawaƙi a nan,
Gidan biki, ko jam'iyya ta ɗauke ka.
Wanda bai samu ko ɗaya ba cikinsu,
Duk ƙofar da ya gani a buɗe zai afka.

Amaryar Gwammaja:

Ku bar ni in yabi jarumin shirin,
Rawar da aka ba shi ta karɓe shi.
Ranar da ya rera ta farko a soro,
Tsigar jikina sai da ta tashi.
Daren da ya wanke jini a famfo,
Bai ce uffan ba, sai dai nishi.
Soyayyar ce aka ja ta da yawa,
Kashi bayan kashi, ta ban haushi.
Budurwar ta san ƙullin da ke aljihu,
Amma ta yi shiru, ta ƙi hana shi.

'Yar Damagaram:

Daga Damagaram ga tawa magana,
Mu ma 'yan dabarmu, 'yan pale, sun sha hana mu kwana.
Kun yi ta mawaƙi, kun yi ta oga,
Ɗalibin da aka soka fa, yana ina?
Ya fito da littafi a hannu da dare,
Ya faɗi a kwata ba shi da ko suna.
Ba a nuna wadda ta rufe masa tuwo ba,
Ba zaman makoki, ba jana'iza da rana.
Kyamara ta bi fuskar mai waƙa,
Hawayensa kawai aka nuna mana.
Mai Kurmawa zai fito in da rai,
Uwar wancan har abada tana cikin ƙuna.
Na ji tausayin mawaƙin, ban ɓoye ba,
Amma ba shi ne farko ba a kukana.

Ɗan Kurna:

Yaya, maganarki ta shige ni,
Jinin ɗalibi ba abin wasa ba.
To mu ƙirga hannun da ke cikinsa,
Ba na mai riƙe wuƙa ne kaɗai ba.
Alhajin da ya aiko buhun kuɗi,
Daren zaɓe aka zauna aka raba,
Shi ya sayi waƙar, shi ya sayi ƙwayar,
Ko ofishin 'yan sanda bai taka ba.
An hana maganin tari mai kodin a 2018,
Tiramol bai bar lungu ba.
Yaron lungu ba shi da kwantena,
Bai san hanyar tashar jirgin ruwa ba.
In marubucin tsoro ya ji, ya faɗa,
In ko gaskiya ya nuna, ban musa ba:
Ƙanana ke cika Kurmawa da Goron Dutse,
Mai aikensu bai san ƙofar ba.

Malam Na Zazzau:

Marubuci, in kana karanta mu,
Ga saƙo daga wannan zaure namu,
Zango na biyu ka biya bashinmu,
Ka kai Alhaji gaban hukuma.

Ka ba ɗalibin nan suna da gida,
Uwarsa ta zo kotu ta ba da shaida,
Mawaƙin ya dube ta, abin da zai faɗa,
Gafararta ce, in har zai nema.

Mai Situdiyo:

Malam, ko da ya ji ya gyara,
Waƙar oga ta riga ta ɗaukaka.
Yau da safe samari suka shigo mini,
Irin kiɗanta suke so in saka.
Na duba baitin, sunan unguwarsu ne,
Da na abokan gaba, da barazanar suka.
Na ce kiɗan yana nan, ku canza baiti,
Ɗaya ya zauna da biro, sauran sun fice duka.