Statics (darasin injiniya kan daidaituwar ƙarfi): in biya tutoriyal ko in ci gaba da fama ni kaɗai?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan uwa. Tes saura mako guda kuma raba ƙarfi a kan sandunan tokara har yanzu ya ƙi zama min. Ga misali: ƙarfin 600 N (Newton, ma'aunin ƙarfi) na danna mahaɗar A zuwa ƙasa, sandar AB ta karkata digiri 30 daga tsaye, AC digiri 45 ta ɗaya gefen. Na buga 600 cos 30 ya ba ni 520, amma amsar da ke takarda 439 ce. Wani ɗan aji huɗu na tutoriyal dubu biyar, kuɗin abincina ne. In biya?

Injiniyan Gobe: Ka samo tsofaffin tambayoyi ka haddace kawai.

Na Tudun Wada: Kar ka kuskura. Ni na biya irin wannan, a wani ɗaki cike da mutane ko fanka babu, wasu a kan taga suke rubutu, gayen nan duk tambayar da aka kawo sai ya ce x da y, cos da sin, shi ke nan. Ranar jarrabawa aka kawo sandunan da ba su haɗu a digiri 90 ba, kusan duk wanda ya zauna ɗakin nan sai da ya kwashi kari-oba. Na koma gida hutu Baba na tambayar sakamako na rasa bakin magana. Da na neme shi cewa ya yi ai ba shi ya rubuta min ba. Wallahi har yau ban yafe ba.

'Yar Kongo: Dubu biyar kuma? Ƙanena dubu biyu ya bayar.

Injiniyan Gobe: Yaushe rabon duniya da dubu biyu, goma ake karɓa yanzu. Ke da ke karanta shari'a me ya kawo ki?

'Yar Kongo: Ni na tura kuɗin ai, malam.

Tsohon Ɗalibi: Ƙanena bar su. cos na aiki ne idan layukan biyu sun yi digiri 90, naka 75 ne tsakaninsu. Zana alwatika, 600 gefe ɗaya, sauran biyun su bi AB da AC, kusurwoyin 30, 45 da 105. AB = 600 sin 45 ÷ sin 105 = 439, AC = 600 sin 30 ÷ sin 105 = 311. Gwada ka gani, turin da suke yi gefe 220 da 220 ne, sun kashe juna.

Na Tudun Wada: Yaya kai shekara nawa da gamawa, malaman yanzu hanyarsu kawai suke so.

Tsohon Ɗalibi: Har yau rufin kwano nake lissafawa da shi a wurin aiki.

Mai Shayin Kwangila: Ku zo ku raba min ƙarfin bashin da nake bin ku, indomi ta AB, ƙwai ta AC 😂

Ɗan Samaru: Na gode Yaya. Amma sin 30 na ba ni -0.988

Tsohon Ɗalibi: Kalkuletarka ta koma kan Rad (awon kusurwa da radiyan), mayar da ita Deg, wato digiri.

Injiniyan Gobe: In ma ta gaske ce. Tawa a Sabon Gari na saya, an rubuta Casio ɓaro-ɓaro, ashe jabu ce, ana tsakiyar tes allon ya dushe, mai shagon ya ce ba a dawo da kaya.

'Yar Kongo: Haka aka yi min da caja. Nawa ka saye ta?