Ta yaya Shakespeare ya yi arziki da wasan kwaikwayo?

Rabi'atu: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a zamanin William Shakespeare marubuci yakan sayar wa ƙungiyar 'yan wasa rubutunsa ne, daga nan haƙƙin ya fita daga hannunsa. To, ta yaya ɗan mai ɗinkin safar hannu, haifaffen garin Stratford na Ingila a 1564, ya iya sayen ɗaya daga cikin manyan gidajen garinsu a 1597?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Malama. Dukiyarsa ta fito ne daga hannun jarin da yake da shi. Shi ɗan wasa ne kuma mai kaso a ƙungiyar da Sarki James ya ɗauka ƙarƙashin inuwarsa a 1603, sannan da aka gina gidan wasan kwaikwayo na Globe a Landan a 1599 yana cikin masu shi, saboda haka duk talakan da ya biya kwabo ɗaya ya tsaya kallo a tsakar fili, akwai rabon Shakespeare a ciki. A ganina wannan ne ya bambanta shi da takwarorinsa da dama waɗanda suka mutu cikin talauci.

Zakari: Gaskiya ne, Malam, amma sana'ar tana da haɗari matuƙa. Annoba ta sa an rufe gidajen wasan Landan na dogon lokaci tsakanin 1592 da 1594, hukumomin birnin kuma ba sa ƙaunar harkar, shi ya sa aka gina Globe a ƙetaren kogin Thames, inda ikonsu bai kai ba. A 1613 wutar igwa ta kama rufin ciyawarsa ana tsakiyar wasa, ya ƙone ƙurmus.

Rabi'atu: Na gode ƙwarai. Shin an sake gina shi Shakespeare yana raye?

Zakari: An sake buɗe shi a 1614 da rufin tayil, shi kuwa ya rasu a 1616.