Hoton da surukata ta bar mana: gunki ne ko ba gunki ba?

Maman Biyu:

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ina da damuwa, kuma ban so in kai ta gaban Fasto tukuna, don maganar ta shafi mahaifina da maigidana, ga shi a unguwarmu kowa ya san kowa.

Ni a ECWA na tashi, Baba dattijon coci ne tun ina goye. Bangon cocinmu fari ne fat, sai agogo da allon lambobin waƙa da gicciyen katako wanda babu kowa a kansa. Maigida kuwa ɗan Katolika ne daga kudancin Kaduna. Shekararmu goma sha ɗaya da aure, addini bai taɓa haɗa mu faɗa ba.

Bara Mama, wato surukata, ta rasu. Da aka raba kayanta sai aka ba mu wani tsohon hoto mai gilashi da ya daɗe a saman gadonta. A jiki akwai wani tsoho mai farin gemu zaune a kan gajimare, a damansa Yesu riƙe da gicciye, a samansu farar kurciya. Ƙasan gilashin ya yi baƙi da hayaƙin kyandir, a bayan katakon kuma har yanzu akwai busasshen ganyen dabinon da ta soke. Maigida ya buga ƙusa ya rataye shi a falo. Ban ce komai ba, na san uwarsa yake gani a wurin.

Makon jiya Baba ya zo ganin jikoki. Bayan tuwo za mu yi addu'ar dare, sai ya ɗaga kai. Ya tambayi ɗana mai shekara shida, “Wane ne wannan tsohon?” Yaro ya ce, “Allah ne, Kaka.” Baba bai ce uffan ba. Ya ɗauki Baibul ɗinsa ya ce mu fita tsakar gida, can ya karanta Fitowa 20:4-5, dokar da ta hana ƙera siffa da yi mata sujada, da hasken tocila, ya yi addu'a, ya shige ɗaki. Da asuba ya nufi tasha, ko kunu bai sha ba.

Ban taɓa ganin wani a gidan nan ya durƙusa wa hoton ba. Amma amsar yaron ta tsaya mini a rai. Gunki ne muka rataye? In kuma gunki ne, ina matsayin kalandar da ke ɗakin Baba, mai hoton Yesu rungume da ɗan rago?

Tsohon Katekis:

'Yata, sannu da haƙuri, Allah ya ji ƙan Mama. Ki buɗe littafin da Baba ya karanta, ki ƙara gaba kaɗan zuwa sura 25. Allahn da ya ba da dokar shi ne ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya, wato siffofin mala'iku masu fukafukai, a kan murfin akwatin alkawari. A Ƙidaya 21 ya sa shi ya yi macijin tagulla. Ashe abin da aka hana shi ne ƙera abu don a bauta masa.

Wannan gardama ta girmi kakanninmu. Wajen shekara ta 726 Sarkin Rumawa Leo na Uku ya tayar wa hotuna, aka yi ta farfasa su. Wanda ya fi kare su da alƙalami shi ne Yohanna na Dimashƙa, kuma abin mamaki, a ƙarƙashin mulkin halifofin Musulmi yake zaune, shi ya sa hannun Sarkin bai kai gare shi ba. A 787 aka yi babban taron bishop-bishop a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, aka yanke cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai, hoto kuwa girmamawa ake yi masa, girman kuma yana wucewa ga mai hoton. Ke kanki da kika je gidan miji kin durƙusa har ƙasa kin gai da surukinki. Wa ya ce kin bauta masa?

Ɗan Gindiri:

Baba Katekis, da girma nake magana, amma kun tsaya a tsakiyar labarin macijin. A 2 Sarakuna 18:4 Sarki Hezekiya ya farfasa shi, saboda mutane sun koma ƙona masa turare. Abin da Allah da kansa ya sa aka ƙera ke nan, balle wanda aka saya a kanti. Kuma ɗan maraƙin zinariya fa? Haruna ya gina bagade a gabansa ya ce gobe idi ne ga Ubangiji. Da sunan Allah na gaskiya suka yi, ba a karɓa ba.

Kerubobi halitta ne. Tambayar 'yar'uwa kan zanen Allah kansa ce. Maimaitawar Shari'a 4:15-16 ta tuna wa Isra'ilawa cewa a Dutsen Horeb, inda Allah ya yi musu magana, ba su ga wata siffa ba, don haka kada su ƙera. To mai zanen nan a ina ya ga gemun? Ni abin da ya fi ci mini rai, tsohon kullum Bature ne. Yaro ya tashi yana rufe ido a addu'a, abin da zai gani ke nan. Kada a ce mana hoto littafin jahili ne, Katekisim na Heidelberg, littafin koyarwar 'yan Furotesta, ya amsa wannan tun 1563: da wa'azi za a koyar da mutane. Maman Biyu, ɗanki ya riga ya ba ki amsa.

Malamar Tarihi:

Kun haɗa kaya uku a buhu ɗaya: hoton waliyyai, hoton Yesu, da hoton Allah Uba. Babbar hujjar Yohanna na Dimashƙa a kan na biyun ta tsaya. Cewa ya yi a da ba a zana Allah don ba shi da jiki, amma tun da ya zama mutum aka gan shi, ana iya zana abin da aka gani. Yohanna 1:18 da Kolosiyawa 1:15 ke nan. Wannan ya rufa wa kalandar Baba asiri, amma bai kai ga tsohon ba. Ko 'yan Otodoks, Kiristocin Gabas da babu wanda ya kai su son hotuna, taronsu na Mosko a 1667 ya hana zana Uba a matsayin tsoho. Masu zana shi da Daniyel 7:9 suke kafa hujja, inda annabin ya ga wani a kursiyi mai gashi fari kamar ulu. Katolika ta ƙyale irin wannan zane a matsayin alama, har a rufin ɗakin sujada na Sistin a Batikan akwai shi, amma ba ta koyar da cewa Uba yana da jiki.

Ɗan Gindiri, mu ma 'yan Furotesta bakinmu bai zo ɗaya ba. Da aka fara fasa siffofi a Wittenberg ta Jamus a 1522, Martin Luta, uban Furotesta, dawowa ya yi daga maɓoyarsa ya tsawata. Kalvin, wani jagoran Furotesta, shi ne ya ƙi sam. Ni a ganina gidanku bai yi bautar gunki ba, amma hoton yana koyar da abin da cocinku biyun duk ba su yarda da shi ba.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai. Daren jiya na karanta wa maigida duka amsoshin. Da na zo kan maganar Bature sai ya yi dariya, da na zo kan amsar yaron sai ya yi shiru. Ya ce tun yana ƙarami Mama take gaya masa Allah ba shi da kama, bai taɓa zaton hoton zai ruɗa wani ba. Da safe shi da kansa ya sauke, ya kai ɗakinmu ya ajiye a kan durowa kusa da carbin Mama. Ƙusar tana nan a falo. Na kira Baba, ya tambayi lafiyar yara, bai tayar da zancen ba, ni ma ban ambaci kalandarsa ba. Yaron ne dai ya dawo daga makaranta ya tsaya yana kallon bango, ya ce, “Mama, ina aka kai Allah?” Ina cikin tankaɗe, na ce ya je ya cire kayan makaranta tukuna.